Ƙarfen da Ke Ƙafar Auta

Babba direban bas ne a kamfanin sufurin gari. Tun yana saurayi yake kan sitiyari, ga shi yanzu furfura ta fara leƙowa a gemunsa. Mutum ne da ciwo ba ya kama shi. Ko mura ce ta zagaye gida ta kwantar da matarsa da yara, shi sai dai ya yi atishawa ya ɗauki hularsa ya fita. Abu biyu kawai ke damunsa a duniya, ƙugunsa da kujerar bas ta cinye, da kuma ƙarshen wata.

Ƙarancin albashin ma bai kai yankan ci masa rai ba. Kamfani ke cire haraji tun daga sama, ba a tambayarsa, kuɗin ba sa ko taɓa tafin hannunsa balle ya ji ɗuminsu. Shekarar da aka ƙara kason saboda asibitocin gwamnati, sakataren ƙungiyar direbobi ya tara su a gareji, ya hau kan tsohuwar taya yana yi musu bayani. Ya ce kowane ma'aikaci zai zuba gwargwadon samunsa, duk wanda ciwo ya kayar kuma a ɗaga shi ba tare da an tambayi aljihunsa ba. Direbobi suka yi tafi. Babba ma ya tafa, don a ranar maganar ta yi masa daɗi a kunne. Sai da ya fara karɓar aikin ƙarin lokaci don ya haɗa kuɗin babur, ya ga yana ƙara awa yankan ma yana ƙaruwa, sannan abin ya fita daga ransa. Shekara ta zagayo, wata ma ta bi bayanta, babur bai samu ba.

Ƙaninsa Auta ne ya riga shi saye.

Auta gyaran waya yake yi a bakin tasha, ƙarƙashin wata babbar laima, da tebur ɗaya da akwatin gilashi cike da gawarwakin wayoyi. Kuɗinsa daga hannun mai waya sai aljihu. Ba wanda ya san abin da yake samu, har shi kansa, masu haraji kuwa ba su ma san an haife shi ba. Wata rana da yamma ya shigo layinsu a kan jan babur, ledar kujera ma ba a cire ba, yana ta danna ham kamar an biya shi. Inna, mahaifiyarsu, ta fito daga ɗakinta tana shafa tankin tana sa albarka. Yaran Babba suka ɗare kai suna rigimar wanda zai riƙe kan.

Babba ya zagaya babur ɗin hannuwa a baya. Ya danna taya da ɗan yatsa, ya matsa birki.

"Allah ya sa alheri," ya ce. "Amma birkin gaban nan kamar da sanyi."

Birkin lafiyarsa ƙalau, shi ma ya sani.

Wata bai cika ba aka yi ruwan sama, Auta ya shiga shataletale da gudu, taya ta zame, babur ya kwanta masa a kan ƙafa. Babba yana tsakiyar aiki matarsa ta kira shi. Ya ajiye fasinjojinsa a tasha ta gaba, ya nufi asibiti. A hanya ba abin da yake gani sai Auta yana ƙarami, lokacin da yake goya shi zuwa makaranta. Kafin ya isa har an shiga da shi ɗakin tiyata. Ya zauna a benci kusa da Inna har likita ya fito ya ce ƙashin ya karye a wuri biyu, an haɗa shi da ƙarfe da ƙusoshi, kuma ƙafa za ta taka in Allah ya so.

Inna ta ɗaga hannuwa sama. Da ta sauke su sai ta juyo wurin Babba, idonta cike da ƙwalla.

"Ka san ko sisi ba su karɓa ba? Na kwance bakin zanina, ma'aikaciyar ta ce in mayar. Kyauta, Babba! Aiki irin wannan, kyauta!"

Ya ce alhamdu lillahi, kuma har zuciyarsa ya faɗa. Amma kalmar nan ta kyauta ta tsaya masa a rai, ya tafi da ita gida.

Ɗakin da aka kwantar da Auta dogo ne, gadaje jere hagu da dama, nasa a jikin taga. Gadon yana da wani hannu da ake juyawa, sai kan ya ɗago a hankali mutum ya jingina. Zanin gado fari, fanka tana juyawa a sama, ana kawo abinci a kan tebur mai taya. Da zafin ciwo ya lafa, bakin Auta ya dawo. Mako bai cika ba ya zama ɗan gaban goshin ɗakin. Ya sa aka kawo masa ƙananan sukundireba, ya mayar da teburin abinci wurin aiki, ma'aikatan jinya suna kawo masa wayoyinsu ya gyara, yana ba su labari suna dariya.

Inna ta tare a asibitin. Da sassafe take fita da kwandonta, sai an kori masu dubiya take dawowa. Matar Babba kuma ta shiga yi wa ƙanin mijinta farfesun kaza, wai ƙashi ba ya haɗuwa da yunwa. Cinyoyi da ƙirji su tafi asibiti a kula, Babba ya dawo aiki ya buɗe kwanonsa ya tarar da wuya da ƙafafu.

Abin da ya ƙara dagula lamarin, hanyar bas ɗinsa ta ƙofar asibitin take bi. Duk zagayen da ya yi sai ya tsaya a nan ya sauke mutane, kuma sai idonsa ya ɗaga zuwa tagar nan ta bene. Ga shi a ƙasa, rana tana dukansa ta gilashi, injin yana gasa masa ƙafafu, ƙugu kamar an soka masa ƙusa, wani fasinja yana zaginsa a kan canji. Can sama kuma Auta yana jingine a ƙarƙashin fanka, ana ɓare masa lemo. Sai ya shiga lissafi a ransa. Kuɗin da Auta bai ba gwamnati ba su suka sayi babur. Kuɗin da shi ya bayar su suka gyara abin da babur ya ɓata. Ko ta ina ya juya maganar, shi ne a ƙasa.

Wata rana yana gwaguyar wuyan kaza ya ce wa matarsa, "Fankar nan da ke kansa, kin san wa ya biya wutarta?"

"Wace fanka?"

"Ta asibiti. Da gadon. Da ƙarfen da ke ƙafarsa."

Ta ajiye ludayi ta dube shi da kyau.

"Baban yara, kishi kake yi da mai karaya?"

"Kishin me? Magana ce ta gaskiya. Shekara nawa ana yankata? Ko allura ɗaya an taɓa yi mini?"

"To ka gode wa Allah mana."

"Na gode. Amma ai mutum ya ga abin da ya saya."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, shi kuwa bai ga abin dariya ba. Washegari ya je ofis ya nemi hutun kwana ɗaya, aka ce za a cire masa alawus ɗin ranar, ya ce a cire. Ya yi wanka, ya sa kayansa masu kyau, ya tafi asibiti karɓar rabonsa.

Bai ga fanka ba a inda aka tura shi. Wani zaure ne mai faɗi, benci a jere, jama'a maƙil, jarirai na kuka, wani tsoho yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage. Aka ba shi lamba a guntun kwali. Ya zauna tun hantsi har rana ta take, bencin ya ƙarasa abin da kujerar bas ta rage a ƙugunsa. Duk wanda aka shigo da shi a kan keke ko a hannu sai a wuce da shi gaba, Babba yana bin su da harara. Sai da azahar ta gota aka kira lambarsa.

Likitar yarinya ce, da ƙyar ta girmi babbar 'yarsa, idanunta sun yi ja don gajiya. Ta auna jininsa, ta saurari ƙirji, ta haska ido, ta sa aka ɗiga jinin yatsa aka duba suga. Ta sa shi ya sunkuya, ya miƙe, ya ɗaga ƙafa.

"Baba, lafiyarka ƙalau. Zuciyarka ta fi tawa."

Babba ya ji kamar an ce masa ya faɗi jarrabawa.

"Ƙugun fa?"

"Zama ne. Ka riƙa sauka kana miƙe jiki duk lokacin da ka kai ƙarshen layi, ka sa ɗan matashi a bayanka." Ta tashi ta nuna masa yadda zai riƙa lanƙwasawa.

"Ba za a saka ni a na'urar nan ba? Wadda ake tura mutum ciki kamar burodi?"

"Zan iya sa sunanka, amma sai ka jira watanni. Waɗanda abin ya tsananta ake fara dubawa."

"Ƙanina a ranar da ya zo aka yi masa komai."

"Me ya same shi?"

"Karaya."

"To ai ka ji."

Ya matso da kujerarsa, ya rage murya. "'Yata, ki rubuta mini kwanciya mana, ko ta kwana biyu ce. Na daɗe ina biya. Duk wata sai an yanka."

Ta yi murmushi, ta ci gaba da rubutu. "Ni ma ana yankar nawa, Baba, kuma ban taɓa kwanciya a gadon ba. Gado na wanda ya kasa tsayuwa ne."

Ya fito da ƙwayoyin rage zafi a 'yar leda, irin waɗanda ake samu a kowane kanti. Ya tsaya a farfajiya yana jujjuya ledar. Ga alawus ya tafi, ga yini ya tafi. Da ya san abin da ya fi masa da gida ya nufa. Sai ƙafarsa ta ɗauke shi ta hau bene.

Tun daga bakin ƙofa ya jiyo dariyar Auta. Yana jingine, waya a buɗe a gabansa, wata ma'aikaciyar jinya tana tsaye tana jira, Inna a gefen gado tana ɓare lemo tana cire masa 'ya'yan.

"A'a, Yaya! Yau ba aiki? Ka ga kwalliya!"

"Na zo ganin likita."

"Lafiya dai?"

"Lafiya ƙalau, in ji su." Ya jefa ledar maganin a kan gado. "Ga rabona. Kai kuma ga naka." Ya nuna ƙafar da ke naɗe.

Auta ya yi dariya, yana zaton wasa ne. Inna ta ce, "Ai mu sai godiya. Jiya ma aka sake ɗaukar hoton ƙafar, kyauta."

"Inna, ki daina cewa kyauta!"

Muryar ta fi yadda ya yi niyya ƙarfi. Ma'aikaciyar ta ɗauki wayarta a buɗe ta matsa.

"Ba kyauta ba ne. Ni na biya. Ni da ire-irena da ake yanka tun kafin mu gani. Wannan da kike ɓare wa lemo, tambaye shi ko ya taɓa ba gwamnati ƙwandala. Ya tara nasa ya sayi babur yana mana ham a ƙofar gida, ya je ya kayar da kansa, aka ɗauki guminmu aka ɗaure masa ƙafa. Ni da nake biya na yini a benci an ba ni wannan!"

Auta ya ajiye sukundireba a hankali. Fuskarsa ta canza, dariyar ta ɗauke gaba ɗaya.

"Yaya, in kai ne a gadon nan, ƙarshen wata albashinka zai shigo ko ba zai shigo ba?"

Ya nuna wayoyin da ke kan teburin, ya ci gaba.

"Ni tun ranar da na faɗi wani ya kafa laimarsa a wurina. Wayoyin nan da ka ga ina taɓawa, kuɗin haya nake haɗawa kafin mai gida ya watso mini kaya. Da dare ƙafar nan ba ta barina in runtsa. In ƙarfen kake so, a kira likita ya cire maka abinka."

Wani dattijo a gadon kusa, tsohon malamin makaranta da aka yi wa aikin mafitsara, ya ɗago kai daga matashi.

"Malam direba, in za a raba ƙarfen a tuna da ni. Na riga ka fara biya. Ko ƙusa ɗaya ce a ba ni."

Ɗakin ya fashe da dariya, har masu ɗinki a ciki suna riƙe wurin suna cewa wayyo. Babba ya juya ya fita, ko ledar bai ɗauka ba.

A baranda Inna ta cim masa, tana jan ƙafa, ledar maganin a hannunta.

"Tsaya, Babba."

Ya tsaya, bai juyo ba.

"A gaban mutane? Ƙaninka yana kwance?"

"Inna, tunda ya kwanta kin taɓa tambayata yaya na kwana?"

Ta jingina da bango tana mayar da numfashi.

"Kai ai ba ka taɓa ba ni tsoro ba," ta ce. "Tun kana yaro. In na aike ka na san za ka dawo, in na ba ka ajiya na san zan same ta. Wancan kuwa tun haihuwarsa zuciyata a hannu take. Ina zan sa idona in ba inda nake tsoro ba?"

Ya so maganar ta yi masa daɗi. Ya jira ya ji daɗin, sai ya ji kamar an yabi bangon ɗaki don bai taɓa faɗuwa ba.

Ta miƙa masa ledar. "Na ƙugun ne? Tun bara na ga kana tafiya a karkace."

Ya juyo ya dube ta. Bai san ta lura ba. Ya buɗe baki zai ba ta labarin kujerar bas da yadda abin yake kama shi in ya zo sauka, sai muryar Auta ta fito daga ɗaki yana kiran Inna, wai a miƙo masa ruwa. Ta ce, "Ina zuwa," ta danƙa masa ledar ta koma da sauri. Ya bi bayanta da kallo har ta shige.

Bai sake hawa benen ba. Aka sallami Auta, ya tare a ɗakin Inna saboda nasa ɗakin hayar a sama yake. Gida ɗaya suke kwana, amma tsakaninsu sai gaisuwa, ita ma a taƙaice. Babur aka sayar da shi a yadda yake, aka biya haya da kuɗin. Babba ya ga ranar da mai saye ya zo ya tura shi, fitila a fashe, tanki a lotse, kuma bai ji daɗin da ya zaci zai ji ba. Ya dai sa matashi a kujerar bas kamar yadda likita ta ce, ƙugun ya ɗan sassauta, bai gaya wa kowa ba.

Wata safiya ya tsaya a tashar unguwarsu, bas cike, sai ya hango Auta a cikin masu jira, da sanduna biyu a hammata. Zai je asibiti gashin ƙafa. Ya rame, wandon ya yi masa yawa. Babba ya matsar da bas har jikin dakali, abin da ba ya yi wa kowa, ya jira ba tare da ya danna ham ba. Auta ya hau da ƙyar, ƙafa ɗaya, sanda, ƙafa ɗaya. Nan take mutum uku suka miƙe suna rige-rigen ba shi wuri, wata mata ta karɓi sandunan, wani ya riƙe masa hannu. Babba yana kallo ta madubi. Shekarunsa a motar nan ba wanda ya taɓa ce masa sannu.

Auta ya zauna a kujerar gaba, ya miƙe ƙafar. Matar da ta riƙe sandunan ta tambaye shi abin da ya same shi, shi kuwa dama bakinsa ƙaiƙayi yake. Ya ba su labarin ruwan sama da shataletale da tiyata, ya ja wando ya nuna tabon ɗinki. Sannan ya ɗaga murya yadda na baya za su ji.

"Kun ga direban nan? Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ƙarfen da ke ƙafar nan shi ya biya. Duk wata ana yankar albashinsa, shekara da shekaru, shi ko allura ba a taɓa yi masa ba."

Babba ya kasa gane ko tsokana ce ko gaskiya. Ya leƙa madubi, Auta bai yi dariya ba, bai kuma kalle shi ba.

"Allah sarki," in ji matar. "Sannu direba. Allah ya bar zumunci."

Wani daga baya ya ce shi ma ana yankar nasa, wani ya ce nasa ya fi na kowa, wata ta ce ita dai an yi wa 'yarta aikin haihuwa ba ta biya ba, don haka a ci gaba da yanka. Bas ya kaure da musu. Babba ya riƙe sitiyari ya ƙura wa hanya ido, wani abu yana masa daɗi a ƙirji, yana ƙoƙarin kada ya fito a fuska. Da ya zo ramin nan na gaban gidan mai, wanda kullum yake afkawa fasinja su yi tsalle, sai ya rage gudu ya kewaye shi.

A ƙofar asibiti aka taimaka wa Auta ya sauka. Ya tsaya a ƙasa ya gyara sandunansa, ya ɗago kai.

"Yaya, sai na dawo."

"In an gama ka jira ni a nan, kada ka hau wata motar. Ba su iya birki ba."

Ya ja bas. Sai da suka yi nisa kwandasta ya matso yana kaɗa jakarsa.

"Oga, ƙanin naka fa bai biya ba."

Babba ya yi tsaki mai tsawo, ya girgiza kai. Ya laluba aljihun rigarsa da hannu ɗaya, ya miƙa kuɗin ta kan kafaɗa.

"Yanka masa tikiti," ya ce. "Har da na dawowa."